Kafin A Ɗora Ta Kan Sikeli: Tayar Da Tsohuwar Fijo Da Kuɗin Albashi

Duk wanda ya san lungunan Daura ya san ta. Tana nan a ƙofar gida ko a gindin darbejiya, an ɗora ta kan bulo huɗu, tayoyi sun daɗe da sacewa, ƙura ta rufe gilashin har yara sun mai da shi allon rubuta sunayensu, awaki kuwa sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Haka za ka gan ta a Sandamu, a Zango, a Mai'aduwa, har Baure. Fijo ce samfurin 504, motar tsohon hedimasta, ko alƙali, ko malamin gona, ko direban da ya yi shekara talatin yana jigila tsakanin Daura da Kano. Mai ita ya tsufa ko ya rasu, ita kuma an jingine ta da niyyar za a gyara idan hali ya yi.

Halin bai cika yi ba. Wanda ya fi zuwa da wuri shi ne ɗan gwangwan, da guduma da sikelinsa. Zai taya, a yi ciniki a tsaye, kafin la'asar an farfasa ta an loda a babbar mota, ta tafi inda ake narka ƙarfe a mai da shi rodi. Kuɗin da za a raba wa magada da wuya ya sayi babur. A makon nan ina so in yi wa mai karatu bayanin dalilin da ya sa nake ganin wannan ciniki asara ce, da kuma yadda mai ƙaramin albashi zai iya tayar da irin wannan mota ba tare da ya ci bashi ba. Ba jita-jita nake kawowa ba, shekara biyu ke nan ina fama da ta marigayi mahaifinmu, kuma yau tana kan titi.

A Amurka tayar da tsohuwar mota sana'a ce babba, kuma abin alfahari. Abin da suka fi so su ne motocin da suke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang, waɗanda suka fito a 1964, da Dodge Charger da ta biyo baya. Motoci ne masu injin silinda 8, wasunsu ƙarfinsu ya haura na dawaki 300, an ƙera su a zamanin da man fetur ba a bakin komai yake ba. Da rikicin mai na 1973 ya zo, ga tsadar inshora ga dokokin hayaƙi, sai kasuwarsu ta mutu. Yau jikokin waɗanda suka saye su ne ke zaƙulo su daga rumbunan gonaki suna gyarawa, don nishaɗi da tuna baya. Mu ba mu da irin waɗannan. Injin 504 silinda 4 ne, ƙarfinsa bai kai na dawaki 100 ba, wato ko hawan Sallar Gani ɗaya ya fi shi dawaki. Nata ƙwanjin a ƙugu yake da ƙafafu: ta ɗauki mutum takwas da buhunan gero, ta bi burji da yashi, ta isa. Kuma mu ba nishaɗi ne ke kai mu gare ta ba, larura ce.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ake yi a kan hanyoyin da ba su da maraba da namu na karkara. A wannan shekara ta 1975 ne aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da ƙasar nan ke da Volkswagen a Legas, daga baya kuma Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ma'anar wannan ita ce, kusan shekara 30 ana zuba mota iri guda a ƙasa guda, gwamnati na saye, 'yan kasuwa na saye, 'yan tasha na saye. Babu wata mota da kanikawan Arewa suka sani ciki da bai kamar ta, babu kuma wadda kayanta suka bazu a kasuwanninmu kamar nata.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Lissafi ne. Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Motar da muke kira 'yar Kwatano, wadda a da malamin sakandare kan yi adashi ya saya, yanzu ta fi ƙarfin malamin jami'a. Mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Wanda ma ya samu ya saya, ya sayi abin da ba ya iya gyarawa a garinsu. Ƙaramar na'ura ɗaya ta lalace a ciki, fitila ta kama a gaban direba, sai an nemi mai kwamfuta a Katsina ko Kano, shi ma sau da yawa canki-canka zai yi ta yi da aljihunka. Fijo ba ta da wannan ɓoyayyen ciwo. Duk abin da ke damun ta ana ganin sa da ido, ko a ji shi da kunne, ko a shinshino shi.

Sai dai matakin farko ba a gareji yake ba, a zaure yake. Motar mamaci gado ce, kuma kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, waɗanda aka fi saurin mantawa da su idan ana maganar ƙarfe. A tara su, a sa wanda ya san mota ya yi mata kuɗi yadda take a kan bulo, mai son ta ya biya sauran rabonsu ko su yafe masa a gaban shaidu, a rubuta. Na ga gidan da ɗa ɗaya ya kashe abin da ya tara a kan motar mahaifinsu, ranar da ta fito tana ƙyalli sai aka tuna masa cewa ta kowa ce. A nan ne kuma za a nemo takardunta na asali, a duba lambar da ke jikin inji da ta gangar jiki ko sun dace da abin da ke rubuce. Motar da ba ta da takarda, kome kyanta, rigima ka saya.

Daga nan sai a duba ko ta cancanci wahalar. Ba kowace ce ke tasuwa ba, kuma son zuciya ba ya walda. A nan Allah ya taimake mu da busasshiyar iska, domin tsatsar da ke cinye motocin Legas da Fatakwal ba ta yi mana wannan ɓarna. Duk da haka a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba daɓen, a duba ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwansa ke ɗiga, a duba cikin but, sannan a duba kafaɗun gaba inda shokozoba ke ɗaurewa. Ƙaramin rami mai walda zai toshe. Amma idan kafaɗun sun ruɓe, ko motar ta taɓa yin mummunan haɗari har ƙashin bayanta ya karkace, a haƙura. Irin wannan sai a cire mata kayan da ke da amfani, gangar a bar wa mai sikeli, ya ci halalinsa.

Abin da ya fi kashe tsofaffin injina shi ne ɗoki. Mutum ya aro batir, ya zuba galan ɗaya, ya murɗa makulli don ya ji ko tana da rai. Injin da ya yi shekara bakwai a kwance babu ɗigon mai a jikin ƙarafansa, duk ya tsiyaye ƙasa, wanda ke ƙasan kuma ya zama kwalta. Murɗawar nan ta minti ɗaya tana iya kankare abin da shekara bakwai ba su taɓa ba. Tsohon bakaniken da ya yi mini aiki, dattijo ne da ya koyi sana'ar tun ana kawo 404, bai bar ni na matso da batir ba sai bayan mako guda. Ya cire fulogai huɗun, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya bar shi ya kwana biyu. Sannan ya sa sifana a gaban inji ya juya shi da hannu, a hankali, yana saurare. Da ya zagaya ba tare da ya cije ba, sai ya ɗago ya ce, "Dakta, da sauran numfashi." Na ce, "To Baba, mu tayar mana." Ya ce, "Wanda ya daɗe yana jinya ba a fara masa da tuwo." Sai da aka zubar da tsohon mai aka sa sabo da sabuwar matata, aka sauke tanki aka wanke, domin fetur idan ya tsufa yakan zama danƙo ya toshe komai, aka kwance kafireto aka wanke shi ɗaya bayan ɗaya, aka gyara tazarar kwantak, sannan aka murɗa.

Ko da an tarar injin ya gaji, yana hayaƙi yana shan baƙin mai, ba ƙarshen zance ba ne, kuma a nan ne hikimar waɗanda suka ƙera shi take. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin gundumar injin aka huda su ba. Kowanne hannun riga ne na ƙarfe, wanda kanikawa ke kira silif, ana zare shi a sa wani. Saboda haka ana sayen silif da fistin da ringi a haɗe, a mayar da injin kusan sabo a gindin bishiya, ba tare da an kai shi wurin masu injin huda ba. Wannan shi ne kashe kuɗi mafi girma a duk aikin, kuma sau ɗaya ake yin sa idan an yi shi da kyau.

Inda nake so mai karatu ya fi tsayawa shi ne ruwa. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin da ke kashe Fijo ba gudu ba ne, zafi ne. Gundumar injin baƙin ƙarfe ce, murfinsa na sama kuwa, wanda ake kira tof, na alminiyom ne. Ƙarafan nan biyu ba sa buɗewa daidai idan sun ji wuta. Injin ya tafasa sau ɗaya mai tsanani, tof ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, duk abin da aka kashe a baya ya bi ruwa. Lagireton da ya shekara ashirin yana shan ruwan rijiya cikinsa ya cika da ƙanzo kamar tsohuwar butar shayi, ko da daga waje yana da kyan gani. A kai shi wurin masu wankewa su buɗe shi su zure kowace jijiya, idan ya ruɓe a sake. A canza duk robobin ruwa ko da ba su fashe ba, a canza fambel, a duba famfon ruwa, a tabbatar agogon zafi na gaban direba yana aiki, domin shi kaɗai ne zai yi maka gargaɗi. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, ta cire ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙatar sa. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa, musamman da sanyin hunturu. Idan mota na tafasa, laifin lagireto ne ko famfo, cire bawul ɓoye ciwo ne kawai.

Bayan ruwa sai birki, kuma a gaskiya da don rai ake jera su da shi ne na ɗaya. Duk wata roba da ke cikin birki ta mutu a zaman da motar ta yi, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. A sake su duka, a zubar da tsohon man birki. Taya ma haka. Kada zanen da ke jikinta ya ruɗe ka, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Yawancin tayoyin gwanjo da ake sayarwa da araha sun riga sun ci zamaninsu a wata ƙasa, kwaltar Kazaure da tsakar rana kuwa ba ta da sabo. Wayoyin wuta aikin yini biyu ne ga mai wayarin da ya san hannunsa, galibi ɓeraye ne suka yi ɓarnar.

Kayan gyara fa? Ƙananan abubuwa ana samun su a Daura da Katsina. Manya sai Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, inda har abin da aka daina ƙerawa za a ƙera maka. 'Yan'uwanmu na tsallaken Kongolam, daga Matamaye zuwa Damagaram, sun riƙe Fijo fiye da yadda muka riƙe ta, kuma wanda ke da dangi a can ya san abin da nake nufi. Matsalar ita ce jabu. Kwali iri ɗaya, tambarin zaki iri ɗaya, amma abin da ke ciki ba zai yi wata uku ba. Ƙa'idar da na bi ita ce: abin da yake na roba ko na takarda, a saye shi sabo, abin da yake na ƙarfe, tsohon asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Mafi araha ma shi ne a sayi wata matacciyar gaba ɗaya a farashin gwangwan, a ajiye ta a matsayin rumbun kaya. Mutum biyu ko uku masu irin motar suna iya haɗa kuɗi su yi haka. Kuma kada ka je kasuwa kai kaɗai da babbar riga. Ka tafi da bakanikenka, tsohon kayan da aka cire yana hannunku, a gwada a gaban mai shago.

Ba zan kawo farashi ba, domin kafin jaridar nan ta iso hannunka ya sauya. Tsarin kashewar shi ne abin riƙewa. Ban ci bashi ba, ban kuma taɓa kuɗin makarantar yara ba. Kowane wata nakan ware abin da ba zai hana tukunya tafasa ba, a yi aiki ɗaya a gama shi, a tsaya sai wani watan. Kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, kuma ana yanke ladan kafin a ɗaga sifana. Kada a ba da kuɗin aiki uku a dunƙule, wannan shi ke sa mota ta shekara a gareji har a fara aron kayanta ana sa wa wasu. Wata shida na yi ina hawan tawa da kujeru yagaggu da launi uku a jikinta. Abokan aiki sun yi dariya har sun gaji, wani ma ya tambaye ni ko bincike nake yi a kan tarihin wahala. Fenti shi ne na ƙarshe, domin shi kaɗai ne ba ya kai ka ko'ina. Akasarin motocin da aka fara gyarawa aka watsar, za ka tarar da fenti aka fara. Sai a sabunta lasisi, a yi inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma Naira 15,000 tun Janairun 2023, a wurin kamfani na gaskiya ba takardar bakin tasha ba.

Wajibi ne in faɗi aibinta. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin Japan na yanzu, ko da an daidaita kafireto yadda ya kamata. Ba ta da jakar iskar da ke kare direba, ba ta da birkin zamani mai hana taya cijewa, kuma an zana ta ne kafin a san yawancin dabarun kare rai da ake sa wa motoci yau. Wanda ke zuwa Abuja kowane mako, ba motarsa ba ce. Amma wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce wurin aiki, gona, asibiti, kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, da zumunci a Mashi ko Katsina ba, idan ya haɗa abin da zai ƙara a mai na shekara biyar, bai kai rabin abin da zai biya ya sayi 'yar Kwatano ba. A sa mata bel mai kyau, a riƙa ɗaurawa, a kuma tuna shekarunta idan an hau titi.

Wasu za su ce a cire injin a dasa na Toyota a huta. Na ga waɗanda aka yi wa haka suna tafiya lafiya, ban ce haramun ba ne. Amma dashen yana jawo yanke-yanke da walda a mazaunin inji da giya, kuma daga ranar motar ta zama ba Fijo ba ba Toyota ba, sai wanda ya yi dashen kaɗai ya san sirrinta. Ranar da ya yi tafiya ka shiga uku. Abin da ya sa motar ta dace da talaka shi ne kowa ya san ta, dashe kuwa yana kashe wannan.

Sai dai "kowa" ɗin nan yana raguwa, kuma wannan ya fi damuna fiye da ƙarfen. Waɗanda ke iya daidaita kafireto da kunne yawancinsu sun haura sittin. Yaransu sun koma gyaran babur da Keke Napep, inda kuɗin yau da gobe yake, ba kuma za a zarge su ba. A garin nan kuwa muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 2019, muna da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disambar 2019, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta Daura. A matsayina na malami, ban san abin koyarwa da ya kai 504 ba ga ɗalibin injiniya na shekarar farko. Komai nata a fili yake: ga inda mai ke haɗuwa da iska, ga inda wuta ke tashi, ga yadda ƙarfi ke bi ta giya ya isa tayoyin baya. Ɗalibin da ya kwance ta ya ɗaura da hannunsa zai fahimci abin da kwamfutar sabuwar mota ke yi a ɓoye, wanda bai taɓa ba kuwa haddar zane kawai zai yi.

Shawarata ga hukumomin makarantun nan biyu ba ta buƙatar kasafin Abuja. Su sayi guda biyar ko shida a hannun magada, a farashin da ya ɗara na ɗan gwangwan kaɗan. Su ɗauko dattawan kanikawa uku ko huɗu daga garejin Daura, a ba su alawus da kujera a ɗakin gwaji, ba a matsayin 'yan aike ba, a matsayin masu koyarwa. Kowane rukunin ɗalibai a damƙa masa mota ɗaya a farkon zango, makinsa ya dogara da ko ta tashi ta je Zango ta dawo da ƙafarta. A naɗi bayanin dattawan da Hausa, da sunayen da suke kiran kowane ƙarfe, a buga shi ƙaramin littafi mai hotuna wanda yaron gareji zai iya saye. Motocin da aka tayar kuma a sayar wa ƙananan ma'aikatan makarantar, su biya a hankali daga albashi, kuɗin a sayo wasu shida na zango mai zuwa.